Camry, Accord ko Sonata: wacce za ta jure Maraɗi?

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina da kusan sefa miliyan 6 a hannu, ina son motar iyali mai but, wadda ta ɗara Corolla girma amma ba jif ba. Uku na gani a nan cikin gari. Akwai Camry ta 2010, silinda huɗu, kujerun yadi, cikinta ba wani abin kallo. Akwai Accord, ita ma ta 2010, kujerun fata baƙaƙe, rufinta na buɗewa. Sai Sonata ta 2012, ta fi su ƙuruciya, ta fi su kyan fuska, kuma ita ce mai sauƙin kuɗi, don tsakaninta da Camry akwai jika 700, wato sefa dubu 700. Accord tana tsakiya. Yawancin yawona cikin gari ne, amma nakan je Yamai, kuma tsofaffina suna ƙauye can gaban Mayahi inda kwalta ta ƙare. Uwargida ta ce Accord, ni idona na kan Sonata. Me kuka gani?

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam. Camry. A ruhe zance.

Baban Nana: Haba Ɗan Tasha, ko dalili ɗaya?

Ɗan Tasha: Dalili shina kasuwa. Tahi wurin masu kayan gyara ka ce hitilar baya ta Camry kake so, ka ga hannu nawa za su miƙo ma. Sannan ka ce ta Sonata, ka ji wa za shi ce ma sai an aiko daga Kano.

Mai Gareji: Alhaji, bari in fara da inji, don nan kuɗinka za su riƙa zurarewa. Camry ƴar Amurka daga 2007 zuwa 2011 jiki ɗaya ne, amma inji ba ɗaya ba. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE, kuma an san shi da shan man inji saboda ringin fistan. Kamfanin Toyota da kansa ya amsa haka a Amurka, har ya ƙara wa masu motocin wa'adin garanti. Daga 2010 aka sa mata 2.5, wato 2AR-FE, mai ƙarfin doki 169, da giya shida maimakon biyar. Wannan ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

To amma kada ka tsaya ga bakin dillali cewa ta 2010 ce. Ana ɗaukar ta 2008 a sauya mata fitilu da bamba, ta koma 2010 a ido. Leƙa lambar shasi, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. Ƙirga zuwa na 10: in 8 ne ta 2008 ce, 9 ta 2009, A ta 2010, B ta 2011, C ta 2012.

Sonata kuwa injinta 2.4 ne mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, doki 198, ya fi na sauran biyun ja. Sai dai a 2015 Hyundai ta kira kusan motoci 470,000 na 2011 da 2012 a dawo da su a duba, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin hanyoyin mai tun daga masana'anta. Shi ke hana mai isa ga mital, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan ya kafe. Taka ta 2012 ce, tana cikin shekarun.

Malamin Lakwal: Mai Gareji, gaskiya ka faɗa amma rabi. Cikin motocin da aka kira, da yawa an sa musu sabon inji kyauta tun suna can. Wanda ya dace da irin wannan ya sami mota mai jikin 2012 da injin da ya fi jikin ƙuruciya, a kuɗin da bai kai na Camry ba. Da lambar shasin nan da ka ambata ana iya bin tarihinta a intanet. Ni abin da ke ba ni haushi a garin nan, da an ce mota sai kowa ya ce Toyota, shi ya sa dillalai suke yanka mana kuɗi yadda suka ga dama. Mota ta haura shekara goma ana kiran kuɗinta kamar jiya aka ƙera ta.

Mai Gareji: Malam, ban ƙi ta taka ba. In tarihi ya nuna an sake injin, magana ta sauya. In bai nuna komai ba fa? Jika 700 ɗin ragin ba za su sayi inji ba.

Uwar Biyu: Ku maza kun tafi can cikin inji. Baban Nana, ni maganar ciki zan yi, tunda ni ke kai yara lakwal in ɗauko su da tsakar rana. Ka gaya wa maman Nana ta je ta zauna cikin Accord ɗin nan da ƙarfe biyu na rana, bayan ta wuni a fili, ba da safe a inuwar dillali ba. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura 40. Baƙar fata in ta sha rana, ta cikin zane za ki ji ta, ƙarfen bel kuwa ba ya taɓuwa, yaro ya ɗora hannu sai ihu. Kuma fatar da ta zo daga ƙasar sanyi, in ta ga ranarmu da hunturunmu, sai ta bushe ta fara tsagewa ta gefen da direba ke shiga.

Shi kuma rufin da ke buɗewa, yaushe za a buɗe shi? Da rana a ƙone, da hunturu a sha ƙura. Yana da ƴan hanyoyin ruwa a kusurwoyinsa, ƙura ta toshe su, damina ta zo ruwa ya biyo silin ya sauko kan kafet. Ni a wurina cikin mota abu uku ne: kilim mai sanyi har kujerar baya, wurin miƙe ƙafa, da but mai ɗaukar buhu.

Maman Walid: Yaya, ban yarda da ke duka ba. Yadi fa yana shanye komai. Yaro ya zubar da kunu ko yawur, sai wari ya zauna, a wanke a shanya a sake wankewa. Fata kuwa tsumma ɗaya ya isa. Ga ƙura, ki daki kujerar yadi da tafin hannu a watan Janairu ki ga abin da zai tashi. Zafi kuma ai ana sa mayafin gilashi a nemi inuwa.

Uwar Biyu: Inuwa a bakin babbar kasuwa? Allah ya ba mai rabo. Yadin ai riga ake ɗinka masa, a cire a wanke ranar Lahadi.

Mai Gareji: Tunda an zo ciki, kada a ce na rufa wa Camry asiri. Na 2007 zuwa 2011 an san tablonsu da narkewa in zafi ya yi yawa, ya yi danƙo yana sheƙi, hasken ya riƙa dukan gilashi yana kashe wa direba ido. Shi ma kamfanin ya sauya wa mutane da yawa a Amurka. Danna babban yatsa a saman tablon, in ya manne ko ya bar sawu, ka san da abin da za ka rage kuɗi. In ka tarar an shimfiɗa masa kafet, ɗaga ka gani. Kilim kuma kada ka gwada shi mota na gudu. Tsayar da ita a rana, inji na aiki, ka ba shi minti goma. Mai rauni a nan yake tona kansa.

Na Kwanni: Duk wanda ke cewa Camry bai taɓa riƙe sitiyarin Accord ba. Baban Nana ya ce yana zuwa Yamai, kilomita wajen 660. Tsakanin Kwanni da Dogon Dutsi, ka tarar da manyan motoci biyu a jere, ga bas na tahowa daga nesa, a nan ake sanin mota. Accord mai kujerun fata in silinda huɗu ce doki 190 gare ta, ka taka ta amsa. Ƙafar gabanta mai hannuwa biyu ce, sama da ƙasa, shi ya sa take kama hanya a kwana, ba ta lilo. Kuma ta fi girma: tsawonta mita 4.93, Camry 4.80. Dogon mutum ya zauna baya ya sake. Camry motar masu gyangyaɗi ce.

Ɗan Tasha: Masu gyangyaɗin su ka isa gida lahiya.

Mai Gareji: Na Kwanni, a kwalta ban ja da kai ba. Amma ka tsallake inda ya ce ƙauye gaban Mayahi. Hannuwa biyun da kake yabo, kowanne da rotil ɗinsa (mahaɗin da ke riƙe taya) da robobinsa, wato wuraren ci sun fi yawa. A jar hanya mai gargada su ke fara kuka, kuma rotil ba abin wasa ba ne, in ya fita taya ce ke kwanciya. Ba aibin motar ba ne, don santsin hanya aka yi ta. Wanda zai riƙe ta a nan sai ya riƙa duba ƙafa a kai a kai, kuma ya guji kayan jabu.

Ga taya ma. Camry ɗin tana kan 215/60 janti (ƙarfen taya) 16, Accord ɗin 225/50 janti 17. Naman gefen tayar farko kusan santimita 13 ne, ta biyu 11 da ɗan kai. Bambancin kamar ba yawa, amma shi ke shanye rami kafin ya kai ga janti. Kuma lamba 16 ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi.

Alhaji, ka duba kuma ko Accord ɗin V6 ce, wato mai silinda shida, don masu kujerun fata suna zuwa iri biyu. V6 doki 271 ne, daɗi kam akwai, sai dai a cikin gari tsakanin adaidaita da ƴan kabu-kabu ba inda za ka kai wannan ƙarfin, mai kawai za ka ƙona.

Malamin Lakwal: Bari mu sa lissafi, don maganar shan mai kowa da bakinsa yake auna ta. A Yulin 2024 aka sauke litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, mu ce dala 100, wato 500. Maraɗi zuwa Yamai da dawowa kilomita 1,320. Motar da ke shan lita 7.5 a kilomita 100 za ta sha lita 99, kusan jika 50. Mai shan lita 9 za ta sha 119, kusan jika 60. Jika 10 ke nan a tafiya guda, bai kai a fasa mota saboda shi ba. A cikin gari ne abin ke ciwo. In kana yin kilomita 1,000 a wata, tsakanin mai shan 10 da mai shan 13 akwai lita 30, jika 15 duk wata, 180 a shekara. Masu silinda huɗun nan uku ba su yi wa juna nisa ba. Wadda za ta fita daban ita ce V6.

Ɗan Tasha: Malam, ka manta da inda aka sayen man. Da can da na Najeriya ke da arha, kowa wurin ƴan ruwa-ruwa yake sha, kwalba-kwalba. Tun da Tinubu ya cire tallahi a 2023 abin ya juya, kowa ya koma gidan mai, har aka ga layin da aka yi a Maris 2025. Randa layi ya dawo, dole ka sha na bakin hanya. Wace ce cikin ukun za ta haɗiye shi ba ta yi tari ba?

Mai Gareji: Tambaya mai kyau. Camry da Accord na 2010 suna fesa mai ne a bakin bawul, tsohon tsari, suna da haƙuri. Sonata tana da famfo na biyu mai matsa mai da ƙarfi sosai, da allurai masu ƙananan ƙofofi. Datti ko ruwa cikin mai ya fi saurin taɓa ta, kuma gyaran ya fi tsada.

Baba Ritaya: Ɗiyana, ku ba tsoho wuri. Ni 504 na hwara tuƙi, irin wadda aka haɗa Kaduna, daga baya 406. Duk motocin ga da kuke ta gardama, na Amurka ne, an yi su don masu manyan hanyoyi. Mi ya hana ka duba Avensis? Toyota ce ita ma, a Ingila aka ƙera ta, ta 2003 zuwa 2008, inji 1.8, doki 129, giyar hannu. Ba ta da hayaniya, ba ta shan mai, kowane yaron gareji ya san cikinta. Batir ya mutu a ƙauye, yara huɗu su tura ka tashi. Tura otomatik in gani. Sai dai ka kiyayi mai 2.0 da aka rubuta ma D-4, ita ma irin mai hesa mai kai tsaye ce. Da kuɗɗin ga naka za ka sayi mai kyau, ka yi canji, ka yi ma tsohuwarka rufin kwano.

Baban Nana: Baba, Allah ya ƙara girma. Na so haka, amma maman Nana za ta riƙa tuƙawa, kuma da otomatik ta koya. Sannan mu shida ne in an haɗa da ƙanwata, Avensis ta ɗan matse.

Baba Ritaya: To ta koyi giya mana, mi a ciki? Mu da muka koya a Land Rover.

Uwar Biyu: Baba, a yi mana afuwa, gwiwa ba irin ta da ba ce.

Tsohon Dillali: Na bari kun gama ne kafin in sa baki, don na ci abinci a wannan sana'a. Alhaji Baban Nana, kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne kuɗin motar ba sai ka ga takardu. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, gadar Gaya da Malanbil ta daina wuce da kaya, motocin da a da ake kora daga Kwatano sai dai su zagayo ta Lome su ratsa Burkina, ko su biyo ta Najeriya. Hanya ta yi tsawo, kuɗi sun hau. A gefe guda naira ta faɗi, sai motocin Kano da Katsina suka yi araha ga mai sefa, suna shigowa ta Jibiya da Dan Isa. Ba laifi ba ne, akwai na kirki. Amma da yawansu sun yi shekaru suna aiki a can, an yi musu fenti da wankin inji, ana ce maka yanzu suka sauka daga jirgi. Wata kuma da takardar wucewa ta ɗan lokaci ta shigo, ba a biya duwan ba. Ka saya da murnar araha, ran da aka tare ka a hanya ka biya abin da ya fi ragin.

Don haka ka nemi takardar duwan ta asali da kartagiris, wato katin rajistar mota, ka ɗora lambar shasin da ke jikinsu kan wadda ke jikin mota, harafi da harafi. Wanda ya ce maka "ana kan yi", ce masa kai ma kuɗinka ana kan haɗawa.

Sai ranar sayarwa, wadda mai saye ba ya son tunawa. Camry ko ta tsufa, ka kai ta bakin kasuwa da safe, kafin la'asar an taya. Accord tana samun mai so, amma sai an jira shi. Sonata za ka sayar da ita yadda ka saye ta, wato da ragi. Jika 700 ɗin nan ba kyauta aka yi maka ba, kasuwa ce ta riga ta cire.

Malamin Lakwal: Wannan ya shafi mai niyyar sayarwa. Wanda zai riƙe mota har ta mutu a hannunsa, ina ruwansa da farashin gobe?

Tsohon Dillali: Malam, ban taɓa ganin wanda ya sayi mota da niyyar sayarwa ba, kuma ban ga wanda bai sayar ba. Aure, asibiti, kujerar Makka, ɗaya zai zo.

Na Kwanni: Ni dai a duba agogon tafiya. Na Amurka da mil yake ƙirga. In ka ga 120,000, kilomita 193,000 ke nan.

Mai Gareji: In ma ba a mayar da shi baya ba. Ni ban cika kallon agogo ba, robar birki nake kallo da sitiyari da gefen kujerar direba. Agogo ya ce mota yarinya ce, robar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, wa za ka gaskata? Ka ja bel har ƙarshensa, in da layin laka ko tabon ruwa, motar ta kwana cikin ambaliya kafin a yi gwanjonta. Ka leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kansu ko da tsatsa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu in ta tashi. In ba su kama ba sam, an kashe su ne don a ɓoye wani abu. A leƙa ƙasa kuma a ga ko tukunyar tace hayaƙi tana nan, don ana yanke ta a sayar, a liƙa bututu.

Baban Nana: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na koma da yamma na duba. Camry harafinta A ne, tablon ya ɗan yi danƙo ta gefen fasinja, takardunta cikakku. Accord silinda huɗu ce, ita ma takardu lafiya, sai dai fatar kujerar direba ta fara tsagewa, kuma tayoyin gaba sun ci ta ciki. Mai Sonata ya ce takardar duwan tana wurin yayansa a Damagaram. Maman Nana ta zauna bayan Accord ta ce ita fa nan ta tsaya.

Tsohon Dillali: Sonata ta fita, sai ran da yaya ya dawo.

Malamin Lakwal: Wannan kam ko ni ba zan kare ta ba. Amma laifin mai ita ne, a rubuta.

Na Kwanni: Maman Nana ta san mota. Cin taya ta ciki ai saiti ne kawai.

Mai Gareji: Wataƙila saiti, wataƙila robobi da rotil, wataƙila ta taɓa daka wani abu shasi ya karkace. Ba a sani sai an hau ramin gareji an leƙa ƙasanta. Alhaji, kowacce ka ɗauka, kada ka zuba miliyan 6 ɗin duka. Ware kamar jika 400 gefe: bidanji (juyen man inji), man giya irin nata na asali ba kowane ja ba, ruwan radiyata na gaske ba na famfo ba, matatar iska da ta kilim, wataƙila batir da taya biyu, ga asiransi da sauya suna. Kuma kada wani ya ce zai cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don zafin Nijar.

Uwar Biyu: Ni dai a kai maman Nana da rana tsaka, na faɗa.

Baban Nana: Za a kai ta, Hajiya. Mai Gareji, ko za ka samu zuwa ranar Asabar mu duba biyun? Na yi magana da masu su, sun yarda a kai rami.

Mai Gareji: In sha Allah, ƙarfe bakwai da rabi, zan zo da na'urar bincike. Ka ce musu kada wanda ya tayar da su kafin mu iso, da sanyinsu nake son jin injin. Kuma a bar mana mai a tanki, don sai mun kai Tibiri mun dawo, mu ɗan sauka jar hanya da kowacce.